Mai Shimfiɗa Ba Ya Magana

Ranar da wani ɗan kabu-kabu ya dawo mana da Yaya Abdurrahamane daga bakin tasha, na roƙe shi ya kama bakinsa, har da haɗa shi da Allah. Ya ce to. Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa Mushe Abdurrahamane (haka muke kiran malaman boko a nan, daga Faransanci), wanda ya koyar da rabin Tasawa lissafi, ya fita sayen goro ya kasa gane hanyar gidansa. Kafin sati ya zagayo labari ya kai Yamai, ɗansa Rayyanu kuma ya iso da mota, da fuskar wanda ya gama yanke shawara tun a hanya.

Ni ce Hamida, ƙanwar Abdurrahamane uwa ɗaya uba ɗaya. Ungozoma ce ni a gidan likita har na ajiye aiki. Katanga ce kawai tsakanin gidana da nasa, kuma tun rasuwar matarsa Mariama daga tukunyata yake ci. Saboda haka abin da ɗan kabu-kabu ya gani rana ɗaya, ni na fi shekara ina ganinsa, ina rufewa.

A tsakar gida Rayyanu ya same ni. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Gwaggo, ki haɗa mishi kayanshi. Tahiya za ni yi da shi."

"Ka kai shi ina?"

"Gidana mana. Ga likitoci kusa, ga mai gadi bakin ƙohwa. Ba inda za shi ɓace."

"Ba inda za shi je kuma," na ce.

Na san gidan. Katanga har sama, ƙofar ƙarfe, kowa ya fita aiki tun safe, sai talabijin ke magana. Rayyanu ba mugun yaro ba ne, ni na karɓi haihuwarsa da hannuna, na san tsoro ne ya kawo shi. Amma na san yayana. A Tasawa ko ya manta hanya, hanya ba ta manta shi ba: mai shayi zai kira sunansa, tsohon ɗalibi zai tsaya ya gaishe shi. A can, ba zai ga wata damina ba. Na tabbata da haka har cikin ƙashina, kuma tsoron abin ya hana ni cin abinci.

Muna cikin haka Yaya ya fito daga ɗaki. Ranar tana cikin ranakunsa masu kyau, hula daidai, ido tar. Ya ji komai.

"Rayyanu," ya ce, "mutumin da ka buga biriji ba a ɗaukar shi kamar buhun hatsi. Asabar mai zuwa muna da gasa Mayahi. Ka kai mu da motar taka, ka zamna bayana, ka gani da idonka. In ka ga na kasa, ni da kaina za ni shiga motar."

Rayyanu ya dube ni, ya dube shi. "Bon. Na yarda, Baba."

Ni kuwa, ni kaɗai na san yadda yake buga birijin nan yanzu.

Sai na ɗan koma baya, don mutane da yawa in sun ji karta sai su ce caca. Biriji ba caca ba ce. Ko dala ba ta taɓa hawa teburinmu ba. Yaya ya koyo wasan ne a Damagaram lokacin da yake koyon aikin malanta, ya zo da shi Tasawa da kwalin karta biyu a aljihu. Zamanin nan ma'aikaci in an tashi daga biro, wato ofis, ba shi da abin yi sai sauraren rediyo. Ya tara su ɗaya bayan ɗaya: likitan dabbobi, mai gidan waya, ƴan aikin gona. Rana ɗaya aka rasa na huɗu, ya leƙo ta katanga ya ce in zo in riƙe karta kawai. Na riƙe, ban sake sakinta ba. Mata sun yi ta gulma, mijina marigayi ya ce tunda da yayanta take, su sha gulmarsu.

Da aka yi wa wasu daga cikinmu canjin wurin aiki zuwa Mayahi, suka kafa tebur a can. Daga nan aka samu Ƙungiyar Biriji ta Tasawa da Mayahi, da gasa sau ɗaya a shekara bayan an gama girbi, bana nan, baɗi can. Akwai lokacin da muke da tebur a Gidan Amumune, inda wani malamin jinya ya koya wa ƴan kasuwa biyu, da wani a Bawdeta a gidan shugaban lakwal, wato makarantar boko. Kofin ma yana da tarihinsa. Daga Kano aka sayo shi, na ƙwallon ƙafa ne, da ɗan mutum a kan murfin. Yaya ya sa maƙeri ya cire mutumin, amma takalmansa suka ƙi fita. Har yau kofin birijinmu yana da takalman ƙwallo biyu a ka.

Yanzu fa? Matasa suna ga waya da belot, wata karta mai sauƙi. Wasunmu sun koma garuruwansu, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Mayahi saura huɗu cif. Tasawa mu biyar: ni, Yaya, Sha'ibu likitan dabbobi, Rufa'i mai kantin magani, sai Abdul Razak na gidan waya, wanda ya shekara ashirin yana wasa bai taɓa tuna abin da ya fita ba.

Wasan kansa, ga abin da ya kamata a sani. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, abokinka yana fuskantarka. Kafin a jefa karta ko ɗaya ana yin tayi, kamar a kasuwar dabbobi: kowa ya faɗi ci nawa ɓangarensu zai yi, da irin kartar da za ta zama atu, wato wadda ke yanka sauran. Ire-iren kartar da sunayen Faransanci muke kiransu, su pik, kor da karo. Ɓangaren da tayinsa ya fi shi ya saya. To a cikin su biyun, wanda ya fara ambaton irin da aka saya, shi zai buga hannun duka. Abokinsa sai ya baje kartarsa a kan tebur kowa na gani, ya naɗe hannu. Faransawa suna ce wa wannan mamaci. Yaya ya ce shi ba zai kira musulmi mai rai gawa ba, ya sa masa suna mai shimfiɗa.

Mai shimfiɗa kuwa ba ya magana. Ko'ina haka ne, amma a ƙungiyarmu dokar tana da haƙora, kuma Yaya ne ya dasa mata su. Wata shekara saura kaɗan a ba hammata iska, saboda wani mai shimfiɗa yana ajiye goronsa kusa da kartar da yake so a ja. Yaya ya tara mu ya ce daga yau, mai shimfiɗan da ya yi magana ko ya taɓa karta ba a sa shi ba, garinsu ya faɗi gasa nan take, shi kuma ya shekara guda bai zauna tebur ba. Wanda ta fara ci shi ne Muttaka na Mayahi, jami'in gandun daji. Abokinsa Ishaƙu ya jawo kartar banza, Muttaka kuma, yana mai shimfiɗa, ya ce, "Subhanallahi!" Ya yi ta rantsuwa cewa zikiri ne. Yaya ya ce zikiri ma yana da lokacinsa, ya ɗauki kofi ya taho Tasawa. Muttaka ya yi shekararsa a kan benci, kuma duk gasa sai ya tuna mana.

To, abin da nake yi tun da mantuwa ta fara kama Yaya shi ne in sace masa tayi. In abokan hamayya ne suka saya, ba damuwa sosai, hannunsa ya san hanya, a jefa pik ya bi da pik. Abin da ba ya iya yanzu shi ne riƙe hannu biyu a kai, da tuna abin da ya fita da abin da ya rage. Don haka in ya ce pik, sai in ce kor. In ya ce karo, sai in tsallake in ce sanzatu, wato wasa ba atu, wanda a tayi ya fi kowane iri. Ko ta halin ƙaƙa, ni ce mai bugawa, shi ne mai shimfiɗa. Ya zauna da rawaninsa na girma yana kallo, ba wanda ya gane. Sha'ibu da Rufa'i suka ce tsufa ya sa ni haɗama. Na bar su a haka.

Ranar Asabar muka kama hanya da hantsi. Gonaki duk an kwashe, sai kara a tsaye da damman hatsi a kan amalanke. Yaya na gaba, ni da kofin muna baya, sauran uku suka biyo mu a motar Rufa'i. Kafin mu kai Kanan-Bakashe ya tambayi inda za mu sau biyu. Na farko na amsa kafin Rayyanu ya buɗe baki. Na biyu na yi dariya na ce, "Yaya, ka bar gwada yaron ga, ya san hanyar Mayahi." Rayyanu bai yi dariya ba. Ta madubi nake ganin idonsa, shi ma yana ganin nawa. A Kanan-Bakashe muka tsaya shan esansi a gidan mai, na fita na sayi ƙosai da ba na so, don kawai in cika wa Yaya baki da hannu.

A gidan Muttaka ake yi. Tebur ɗaya a rumfa, ɗaya a zaure, kowane da mutum biyu na Tasawa da biyu na Mayahi. Kartar da aka buga a nan ba a gauraya ta, ana zuba hannu huɗun a jaka mai aljihu huɗu, Abdul Razak ya kai wancan tebur su ma su buga, a ƙarshe a gwada wa ya fi iya sarrafa karta iri ɗaya. Mu muka samu rumfa, da Muttaka da abokinsa Mudassir. Muttaka ya tsufa, gemu fari fat, amma bakin yana nan.

"Mushe, sannu da zuwa! Ka kawo mani kofina?"

"Na kawo shi ya sha iska, Muttaka. Da marece ya koma gida."

Zuciyata ta ɗan kwanta. Ya gane shi, har ya mayar masa. Rayyanu ya jawo kujera ya zauna dab da kafaɗar ubansa.

Aka fara. Na yi sata kamar ban taɓa jin wa'azi ba. Hannun da ya kamata a buga da pik, Yaya da pik shida a hannu, na ja shi zuwa sanzatu, na faɗi warwas. Wani na saye shi da kor huɗu kacal a hannuna, abin da ko Abdul Razak ba zai yi ba. Wasu Allah ya rufa asiri na ci, wasu na sha ƙasa. Ina lissafin kartata, ina lissafin tasa, ina kuma lura da hannunsa da hularsa.

Hular nan ita ce alamar. In abin zai zo masa, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya shafa kai, ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka sai tambaya ta biyo: "Bayin Allah, ku su wa ne?" Ko kuma ya ce a kira masa Mariama. Na gani a gida ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Hajiya, yau kin cinye tebur," in ji Muttaka. "Ki bar wa Mushe ko ƙashi mana."

"Ka kula da naka hannun," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya dubi Yaya. Bai ƙara tsokana ba.

Da aka tashi sallar azahar da cin abinci, Rayyanu ya tare ni a bayan rumbu inda nake alwala.

"Gwaggo, ni ban iya wasan ga sosai ba, amma cikinshi na tashi. Tun sahe Baba bai buga hannu ko guda ba. Shimhiɗa kawai shikai."

"Haka karta ta zo."

"Haka kika kawo ta dai." Ya matso kusa. "Ina roƙonki, kada ki ɓoye mani ubana. In wani abu ya same shi bakin titi, mi za ni ce ma kaina? Hannu guda nika so in gani. Guda. In ban gani ba, na san amsa."

Ruwan buta yana zuba a kan ƙafata har ya ƙare. Yaron yana da gaskiya, ni ma ina da gaskiya, kuma ba inda za mu haɗu. Na yi sallar nan ban san abin da na karanta ba, abu ɗaya nake ta maimaitawa a sujada: Allah ka ba shi kansa na rabin sa'a, rabin sa'a kawai.

Muka koma. Na ci gaba da sata, don ban san wata hanya ba. Abdul Razak ya raɗa cewa a zaure su Sha'ibu suna yin abin kirki, garuruwan biyu sun yi kusa da kunnen doki. Ni kofi bai dame ni ba, da za a karɓe shi a bar mani yayana da na ƙara musu da zanen da ke jikina.

Sai jaka ta ƙarshe ta zo. Yaya ne mai fara tayi. Ya jera kartarsa a hankali, ya ɗaga kai.

"Sanzatu guda."

Sanzatu ya fi kowane iri. Duk abin da na ambata, zai iya hawa kansa da sanzatu, kuma shi ya fara faɗinsa. Na ce kor huɗu, na tsallake matakala biyu don in tsorata shi.

"Sanzatu huɗu."

"Kor biyar."

Ya dube ni da idon nan na aji, wanda ke sa ɗalibi ya manta sunansa. "Sanzatu shidda. Hamida, wanga nawa na."

Saura mataki ɗaya a sama, kuma ko na hau zai biyo ni. Na ce pas, na janye. Muttaka ya jefa kartar farko, ni kuma na baje tawa a kan tebur, iri-iri, na naɗe hannuna a cinya. Rayyanu ya matso da kujerarsa.

Wallahi da farko sai da hawaye ya cika mani ido. Yaya ya dubi shimfiɗa, leɓensa na motsi, sannan ya ce, "Ƙaramin pik." Na ba shi. Ya ci. Ya shiga hannuna, ya fita nasa, ya bar wa Mudassir ci ɗaya da gangan don ya gyara sauran, irin wasansa na da, mai tsabta. Muttaka ya gyaɗa kai. Na ga kafaɗun Rayyanu sun sauka. Saura karta biyar a hannun kowa, kuma ina ganin hanyar a fili: ya ja babban karo daga shimfiɗa, sauran duk nasa ne.

Sai wata akuya ta shigo rumfar ta ture murfin kwano. Ƙarar ba wani abu ba ce. Yaya ya juya ya dube ta, ya bi ta da ido har ta fita. Da ya dawo da kansa kan tebur, na ga ba kowa a bayan idon.

Ya dubi kartar hannunsa. Ya juya ta ya dubi bayanta. Ya ci gaba da juya ta. Mudassir ya gyara zama. Rayyanu a bayansa yake, ba ya ganin fuskarsa, yana zaton lissafi yake yi. Ni ce a gabansa, ni nake gani. Na kafe shi da ido, ina kiransa a zuci, Yaya, karo, Yaya, ga karo nan. Hannunsa na hagu ya tashi a hankali, ya cire hula, ya ɗora a gwiwa. Ya shafa kai. Ya dubi Mudassir. Ya dubi Muttaka. Ya juyo kaina, bakinsa ya fara buɗewa.

Ban yi dogon tunani ba. Abin da ya zo mani shi ne: in wasa ya mutu yanzu, a kaina zai mutu, ba a kansa ba. Zai yi fushi, to, ya yi. Mutumin da ke manta ya ci abincin rana, kafin gobe ya manta wannan ma.

Na miƙa hannu na ɗora yatsa a kan kartar. "Yaya, ja karon ga."

Muttaka, mutumin da ya shekara talatin yana jiran ranar nan, ya ɗaga kai yana duban rufin rumfa, ya hau tarin ƙarya, ya ce wa Mudassir, "Kai, zanar ga ta tsufa, sai an sake ta bana." Tausayi ne, na gane. Amma tausayin nan kashe ni zai yi, don Yaya yana nan da baki a buɗe, tambayar tana kan harshensa.

Na bugi tebur har kofunan shayi suka yi tsalle. Na ɗaga kartar sama, na ce da ƙarfin da na san har zaure za a ji, "Na ce ka ja karo! Ba ka gani? Karo!"

Abin da addu'ata ba ta yi ba, wannan ya yi. Na ga yayana ya dawo cikin idonsa kamar an kunna fitila. Ya mayar da hula, ya ajiye kartarsa a kife, ya miƙe tsaye. Su Sha'ibu sun fito daga zaure da karta a hannu.

"Mai shimhiɗa ta yi magana," ya ce, "ta kuma taɓa karta." Ya karanto dokar daga farko har ƙarshe, da Faransanci, ya sake da Hausa, ko kalma bai tsallake ba. Ya faɗi dalilin da aka kafa ta, da goron, da sunan mai goron. "Muttaka, da kai ta hwara, ban ji tausanka ba. Yau ga ta cikin gidana. Tasawa ta hwaɗi. Abdul Razak, miƙo kofi."

Ya ba Muttaka kofin da hannu biyu. Sannan ya juyo gare ni.

"Ni na koya miki wasan ga. Hannun nan na ci shi, kowa ya gani. Kin kunyata ni gaban ɗana, gaban mutanen Mayahi. Shekara guda, Hamida."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni da gaske, ba ta wasa ba, gaban mazan nan da suka san ni shekaru ban taɓa ko tari ba in na shimfiɗa. Amma a ƙarƙashin kunyar ina ta hamdala.

Wajen mota Muttaka ya biyo ni da kofin a hammata. Ya rage murya. "Hajiya, ni ban ji komi ba, sai da kinka tilasta mani."

"Na sani."

"Shekara ba wuya. Na yi ta, ga ni."

Muka kama hanyar gida har muka wuce Kanan-Bakashe. Yaya ya yi barci da fushinsa. Rayyanu ya dube ni ta madubi, ya ce, "Gwaggo, mi ya kai ki? Yana gab da ci." Na ce tsufa ne. Ya yi ajiyar zuciya. "Baba kam shina nan da kanshi. Kin ji yadda ya kawo dokar nan? Ko ni ban iya haka." Washegari ya ɗaukar wa Yaya mai kula da ƙofa, ya bar lambobin waya a jikin bango, ya koma Yamai shi kaɗai.

Da safe na kai wa Yaya koko kamar kullum. Na gaishe shi. Ya karɓi kwanon, ya kau da kai.

"Ke ce kinka yi magana."

Na ce a raina, bari a kwana biyu. Aka kwana biyu, aka yi wata. Na kira Sha'ibu da Rufa'i na faɗa musu gaskiya, na koya wa Abdul Razak satar tayi, shi da bai iya na halal ba ma. Teburin Asabar ya ci gaba a zauren Yaya, ni ina kan benci a bakin ƙofa. Mantuwa ta yi ta cin abin da ta samu. Ta ci sunan Rufa'i. Ta ci hanyar masallaci, sai an riƙe masa hannu. Wani lokaci in Rayyanu ya kira, yana ɗaukarsa ƙanenmu da ya rasu tun muna yara, sai in karɓi wayar in ce layi ne ba kyau. Amma mai shayi yana kiran sunansa, ɗalibansa suna tsayawa su gaishe shi, ya ga damina, ya ga wani girbin. Abu ɗaya ne mantuwar ta ƙi taɓawa. Ban sake jin ya ce "Hamida, zo ki ji" ta katanga ba.

Da kaka ta zagayo, ƴan Mayahi suka zo Tasawa da kofin. Muttaka da kansa ya ce shekara ta cika, har da ƴan kwanaki. Na yi wanka, na sa sabon zane kamar mai zuwa biki. Na jawo kujerata da ke fuskantar tasa na zauna. Abdul Razak ya ajiye jakar farko.

Yaya ya ɗago. Bai san Muttaka ba ranar, bai san Sha'ibu ba. Ni ya gane ni sarai.

"Tashi," ya ce.

"Yaya, shekara ta cika."

"Wace shekara? Jiya-jiya kinka yi magana. Shekara guda, Hamida. Doka ce."

Muttaka ya buɗe baki, na girgiza masa kai. Na tashi na ba Abdul Razak kujerar, na koma kan benci, na matsar da shi kaɗan zuwa inda zan riƙa ganin hularsa.